SOSON ƘARFE: YADDA AKE YINSA DA AMFANINSA WAJEN SAMAR DA LANTARKI

Gabatarwa

Kowa ya san ƙarfe da nauyi da tauri. Amma cikin shekarar 2009 wasu masana ilmin kimiyya na Jami'ar Fasaha ta Dresden, a ƙasar Jamus, sun bayyana hanyar sarrafa ƙananan ƙwayoyin zinariya da azurfa da filatinam su zama wani abu baƙi, marar nauyi, wanda yawancin jikinsa iska ce kawai. Idan aka ɗora wa mutum gutsurensa a tafin hannu da ƙyar zai ji an ɗora masa wani abu. Masana suna kiransa erojel na ƙarfe. A cikin wannan ƙasida za a riƙa ce masa soson ƙarfe, domin in an dube shi da madubin ƙara girma mai ƙarfi sai a ga zaruruwa ne sirara sun sarƙe da juna, da ramuka a tsakaninsu, kamar dai soson wanka.

Mai karatu yana iya tambaya, mene ne amfanin ƙarfen da ba shi da ƙarfi? Amsar tana tattare da wata babbar matsala da ta dami ƙasashen duniya, watau yadda za a sami lantarki da makamashin motoci da takin zamani ba tare da an ci gaba da cika sararin sama da hayaƙi ba. Na'urorin da za su iya wannan aiki suna bukatar wasu ƙarafa masu tsada waɗanda ba su da yawa a ƙasa. Soson ƙarfe wata dabara ce ta sa ɗan kaɗan daga waɗannan ƙarafa ya yi aiki mai yawa, kuma ya daɗe bai lalace ba.

Dillalin sinadarai

Akwai iska iri biyu da za a yi ta ambata a nan. Ta farko ita ce oksijin, wadda mutum da dabba suke shaƙa su rayu. Ta biyu ita ce haidurojin, wadda ta fi kowace iska rashin nauyi, kuma tana kama wuta ƙwarai. Idan waɗannan biyu suka haɗu sukan zama ruwa, sa'an nan su saki zafi mai yawa. Abin mamaki kuwa shi ne, in an zuba su a kwalba ɗaya an toshe, sai su shekara a ciki ba su haɗu ba, muddin babu tartsatsin wuta.

Cikin shekarar 1823 wani masani Bajamushe, Johann Döbereiner, ya lura cewa idan aka busa haidurojin a kan filatinam wanda aka mai da shi kamar soso, sai ƙarfen ya yi ja, iskar ta kama wuta da kanta. Bayan an gama, filatinam ɗin yana nan yadda yake, bai ragu ba. Cikin 1835 Jöns Jacob Berzelius na ƙasar Suwidin ya ba wannan al'amari suna, kuma daga nan aka sami kalmar katalis.

Katalis kamar dillali yake a kasuwa. Mai saye da mai sayarwa suna nan, kowa yana bukatar ɗan'uwansa, amma ciniki ba ya faɗawa sai dillali ya shiga tsakani. Da an sallama sai ya koma ya kamo wasu. Bambancin kawai shi ne wannan dillali ba ya karɓar la'ada. Kusan dukan manyan masana'antun sinadarai da shi suke aiki. Takin zamani ma da taimakonsa ake yi, domin tun 1913 ake haɗa sinadarin amoniya a Jamus a kan katalis na baƙin ƙarfe. Har ila yau, a cikin salansar motocin zamani akwai wani sashe mai ɗauke da 'yan giram na filatinam da danginsa, wanda yake rage dafin hayaƙi kafin ya fita. An fara sa shi a yawancin sababbin motocin Amurka cikin 1975.

Batirin haidurojin

Idan aka raba haidurojin da oksijin wuri dabam-dabam, aka tilasta musu su haɗu ta wata hanya ta musamman, ƙarfin da zai fita a matsayin wuta sai ya fita a matsayin lantarki. Wani lauya kuma masani ɗan Birtaniya, William Grove, ya nuna haka cikin 1839 da sandunan filatinam. Na'urar da take yin wannan aiki ita ce za a kira batirin haidurojin. Ta bambanta da batirin tocila, domin ba ta ƙarewa muddin ana ba ta iska.

Ga yadda irin wadda ake sa wa motoci take aiki. Akwai faranti biyu, da wani tantani na roba ta musamman a tsakaninsu. Ana tura haidurojin a faranti na farko, inda katalis yake raba kowace ƙwayarta gida biyu: sashe mai suna furoton, da sashe mai suna ilektiron. Furoton yana iya ratsa tantanin, amma ilektiron ba ya iyawa, sai dai ya zagaya ta cikin waya. Wannan zagayawa ita ce lantarkin da yake juya injin. A faranti na biyu kuma furoton da ilektiron suna tarar da oksijin na iskar waje, su haɗu su zama ruwa. Saboda haka abin da yake fita daga bututun irin wannan mota tururin ruwa ne.

Bisa lissafi, batir ɗaya bai wuce ya ba da bolt 1.23 ba, amma a wajen aiki abin da ake samu tsakanin bolt 0.6 ne da 0.7. Don haka akan jera su da yawa. Motar Toyota Mirai ta farko, wadda aka fara sayarwa a Japan cikin 2014, tana da guda 370 a jere. Tun kafin wannan, jiragen Apollo da suka kai mutane duniyar wata daga 1969 sun yi amfani da wani irin batirin haidurojin wanda ya samo asali daga aikin Francis Bacon, injiniya na Ingila, wanda ya yi farantansa da ƙarfen nikel mai ramuka. 'Yan sama jannati sun sami lantarki daga gare shi, suka kuma sha ruwan da yake fitarwa.

Matsala uku game da filatinam

Aikin da ake yi a faranti na farko yana tafiya da sauri. Na faranti na biyu, watau haɗa oksijin, shi ne mai nawa, kuma a nan ne ake asarar yawancin ƙarfin batir. Har yanzu babu ƙarfen da ya fi filatinam da gaurayensa iya wannan aiki a cikin irin wannan batir. A nan ne matsaloli suka taso.

Matsala ta farko ita ce ƙaranci. Filatinam ɗin da ake haƙowa a duniya duka bai kai tan 200 a shekara ba, alhali zinariya ta wuce tan 3,000. Wajen kashi 70 cikin ɗari yana fitowa ne daga Afirka ta Kudu, daga yankin Bushveld, inda aka gano babbar jijiyarsa cikin 1924. Yawancin saura daga Rasha ne da Zimbabuwe. Duniya kuwa tana ƙera motoci sama da miliyan 80 a shekara. A ce kowace ɗaya za ta ci giram 20, to ana bukatar tan 1,600 ke nan, wanda ya ninka abin da ake haƙowa fiye da sau takwas.

Matsala ta biyu ita ce, katalis da fuskarsa kaɗai yake aiki. Ƙwayoyin ƙarfen da suke binne a ciki ba sa taɓa iska, saboda haka kuɗin da aka saye su da shi a kwance yake. Duk wadda ta taɓa jiƙa kanwa ta san dakakkiya ta fi dunƙule saurin narkewa, domin ruwa yana samun ta ta ko'ina. Haka abin yake a nan. Giram ɗaya na filatinam in dunƙule ne mai kusurwa huɗu, kowane gefensa bai kai milimita 4 ba, faɗin fuskokinsa duka kuma bai kai murabba'in santimita ɗaya ba. Amma in an farfasa wannan giram ya zama ƙwayoyi masu kaurin nanomita 3, faɗin fuskokinsu zai kai wajen murabba'in mita 90, watau kamar daɓen ɗakuna goma masu mita 3 tsawo da mita 3 faɗi. Nanomita ɗaya kuwa shi ne a raba milimita gida miliyan a ɗauki ɗaya. Kaurin gashin kan mutum ya kai nanomita dubu hamsin ko fiye.

Matsala ta uku ta fito ne daga maganin ta biyu. Ƙwayoyi ƙanana haka ba sa zama su kaɗai, sai su manne da juna su koma dunƙule. Don haka masu ƙera batir sukan warwatsa su a kan garin kabon, wani baƙin gari mai kama da kunkunniya, wanda yake riƙe su yana kuma kai musu lantarki. Wannan ita ce hanyar da ake bi a motocin da suke kasuwa. Aibinta shi ne, duk sa'ad da aka tayar da mota ko aka kashe ta, iskar waje da haidurojin sukan gamu na ɗan lokaci a faranti na farko, ƙarfin lantarki a faranti na biyu ya yi tsalle ya kai wajen bolt 1.4 ko fiye. A wannan hali kabon yakan ci, ya zama iska ya tafi. In ginshiƙi ya tafi kuwa, abin da ke kansa ba ya tsayawa. Ƙwayoyin filatinam sai su zube, ko su dunƙule, ƙarfin batir ya yi ta raguwa.

To, da za a sami katalis wanda yake da faɗin fuska kamar gari, amma yana tsaye da ƙafarsa kamar gini, ba ya jingina da kabon, da an rage matsala ta biyu da ta uku gaba ɗaya. Wannan shi ne abin da ake nema a wurin soson ƙarfe.

Asalin erojel

Idan aka dafa ƙafar saniya aka bar romon ya kwana a wuri mai sanyi, da safe akan tarar ya daskare yana rawa. Yawancinsa ruwa ne, amma ruwan ba ya zuba, domin akwai wata raga ta zaruruwa da ido ba ya gani wadda ta riƙe shi. Irin wannan abu shi masana suke kira jel.

Wani masani Ba'amurke, Samuel Kistler, wanda yake koyarwa a wata kwaleji a garin Stockton na Jihar Kalifoniya, ya nemi ya cire ruwan jel ya bar ragar a tsaye. In an shanya jel haka kawai, sai ya motse ya tsattsage. Dalili kuwa shi ne fuskar ruwa tana da ja, kuma yayin da ruwa yake janyewa cikin ƙananan ramuka yakan jawo bangayensu su rufta. Wannan ja shi ne yake tsaga lakar fadama da rani.

Dabarar Kistler, wadda ya bayyana cikin 1931, ita ce ya hana ruwan samun fuska sam. Kowane abu mai ruwa-ruwa yana da wani mataki na zafi da matsi wanda in an wuce shi babu sauran bambanci tsakanin ruwansa da tururinsa, sun zama abu guda. Kistler ya musanya ruwan jel da alkohol, ya rufe shi cikin tukunyar ƙarfe mai jure matsi, ya zafafa har ya wuce wannan mataki, sa'an nan ya saki tururin sannu a hankali. Da aka buɗe tukunya sai ga ragar a tsaye, iska ta maye gurbin ruwa. Shi ne ya sa mata suna erojel, watau jel na iska.

Erojel ɗin da ya fi shahara na silika ne, sinadarin da yake cikin yashi. Mafi rashin nauyi daga cikinsu fiye da kashi 99 cikin ɗari na jikinsa iska ce. Ana amfani da shi wajen tare zafi da sanyi. Kumbon Stardust na Amurka, wanda aka harba cikin 1999, da shi ya kama ƙurar wani tauraro mai wutsiya cikin 2004, ya dawo da ita ƙasa cikin 2006. Sai dai silika ba ya ɗaukar lantarki, don haka ba shi da amfani a farantin batir. A ƙarshen shekarun 1980 Richard Pekala na ɗakin bincike na Lawrence Livermore ya buɗe hanyar yin erojel na kabon. Cikin 2005 Stephanie Brock da abokan aikinta a Jami'ar Wayne ta birnin Detroit suka nuna ana iya fara yin ƙananan ƙwayoyi tukuna, sa'an nan a sa su sarƙe su zama jel. A kan wannan hanya ce ƙungiyar Farfesa Alexander Eychmüller ta Dresden, tare da Nadja Bigall, ta bi har ta kai ga ƙarafa masu daraja cikin 2009.

Yadda ake yin soson ƙarfe

Aikin yana da mataki huɗu.

Na farko, yin ƙwayoyi. Akan narkar da gishirin ƙarfen cikin ruwa mai yawa. Gishiri a nan yana nufin ƙarfen da aka haɗa da wani sinadari har ya zama yana narkewa. Sa'an nan a zuba wani sinadari mai ba da ilektiron, yawanci wanda ake kira sodiyam borohaidiraid. Nan take ƙarfen yake komowa ainihinsa, amma a matsayin ƙwayoyi masu kaurin nanomita 3 zuwa 6 ko makamancin haka, suna yawo cikin ruwa. Wannan ilmi ba sabo ba ne. Michael Faraday ya bayyana irin wannan ruwan zinariya mai launin ja cikin 1857, kuma kwalabensa suna nan a ajiye a Landan.

Na biyu, sa ƙwayoyin su sarƙe. Kowace ƙwaya tana da wani lulluɓi mai cajin lantarki wanda yake sa ta ture 'yar'uwarta. In an cire lulluɓin gaba ɗaya a lokaci guda, sai ƙwayoyin su dunƙule su faɗi ƙasa kamar tsakuwa, aiki ya ɓaci. In kuwa an rage shi kaɗan-kaɗan, sai su riƙa mannewa ɗaya bayan ɗaya kamar tsakiyar da aka shirya a zare, zaruruwan su yi rassa, rassan su haɗu su zama raga. Misalin wannan yana nan a cikin ƙwaryar nono. Madara ruwa ce mai ɗauke da ƙananan ƙwayoyi da suke ture juna, amma da tsami ya shige ta sannu a hankali sai su kama juna, madara ta zama kindirmo.

A gwaje-gwajen farko wannan mataki yakan ɗauki makonni. Daga baya aka gane cewa in an daidaita yawan sinadaran tun farko, mataki na ɗaya da na biyu suna iya faruwa a tukunya guda, jel ɗin ya kwanta da kansa a gindin kwalba kamar baƙar auduga. An kuma gano cewa ɗumama ruwan, ko ƙara wasu gishirai, ko daskarar da shi a sake narkarwa, suna rage lokacin ya koma sa'o'i kaɗan ko ƙasa da haka.

Na uku, wanki da musanya. Akan yi ta sauya ruwan da yake kan jel har gishirin da ya rage ya fita, domin ƙazanta kaɗan tana iya toshe fuskar katalis. Bayan haka sai a musanya ruwan da asiton, sinadarin nan da ake goge jan farce da shi. Ana yin haka ne domin abin da za a busar da jel da shi ba ya gauraya da ruwa, amma yana gauraya da asiton.

Na huɗu, busarwa. A yau maimakon alkohol mai zafi, wanda yake da haɗarin gobara, an fi amfani da iskar kabon dayoksaid. In an matsa ta takan zama ruwa-ruwa, kamar yadda gas ɗin girki yake cikin tukunyarsa. Matakin da ake bukata a wurinta bai da nisa: zafin digiri 31 a ma'aunin santigired, da matsin da ya ninka na iskar duniya wajen sau 73. Akan cika tukunyar da ita ta kori asiton, a ɗaga zafi a wuce matakin, sa'an nan a sake ta a hankali. Akwai kuma hanya mai rahusa, watau a daskarar da jel ya zama ƙanƙara, a zuƙe iskar da ke kewaye da shi, ƙanƙarar ta tashi ta zama tururi ba tare da ta narke ba. Aibin wannan shi ne ƙanƙara takan ture zaruruwan ta sauya fasalin ramukan.

Abin da ake samu a ƙarshe ya fi dunƙulen ƙarfe mai girma ɗaya da shi rashin nauyi sau ɗaruruwa. Faɗin fuskar giram ɗaya yakan kai murabba'in mita gommai. Tun da zaruruwan duka ƙarfe ne kuma a haɗe suke, lantarki yana bin su daga wannan gefe zuwa wancan. Manyan ramuka suna ba iska da ruwa hanya, ƙanana kuma suna ƙara faɗin wurin aiki.

Ya kamata a sani cewa wannan ba ita kaɗai ce hanyar yin ƙarfe mai ramuka ba. Tun shekarun 1920 injiniya Murray Raney na Amurka ya narkar da nikel tare da alminiyam, sa'an nan ya sa soda mai ƙarfi ta cinye alminiyam ɗin, nikel ya rage da ramuka. Masana'antu suna amfani da shi har yau. Bambancin shi ne, Raney rarakewa ya yi daga dunƙule, soson ƙarfe kuwa gina shi ake yi daga ƙwayoyi, shi ya sa ya fi rashin nauyi nesa ba kusa ba.

Abin da gwaji ya nuna

Wani alheri na wannan hanya shi ne sauƙin gauraya ƙarafa. In an zuba gishiri iri biyu a tukunya, sai zaruruwan su fito da ƙarfe biyu a cakuɗe. Wannan yana da muhimmanci saboda wata ƙa'ida da ake danganawa ga Paul Sabatier na Faransa: katalis nagari shi ne wanda ba ya riƙe abu da ƙarfi har ya kasa saki, ba ya kuma riƙe shi sako-sako har ya kuɓuce. Zallar filatinam yana riƙe oksijin fiye da kima kaɗan. In an sa masa nikel, riƙon yakan sassauta. Cikin 2007 masana a Amurka sun nuna cewa wata fuska ta gaurayen filatinam kashi uku da nikel kashi ɗaya ta ninka irin wannan fuska ta zallar filatinam sau goma wajen haɗa oksijin.

Cikin 2013 masanan Dresden tare da na Cibiyar Paul Scherrer ta ƙasar Suwizalan sun ba da rahoton soson filatinam da faladiyam wanda ya fi katalis na kasuwa aiki da kuma juriya a gwajin kwalba. Amma kwalba dabam, batir na gaske dabam. Da suka shafa soson filatinam da nikel a farantin batir, sai suka tarar yana gazawa in an ja lantarki mai yawa, domin zaruruwan sun danne juna, ramukan sun ƙuntata, iska ba ta shiga sosai, ruwa kuma ba ya fita. Maganin da suka samu shi ne su cakuɗa katalis ɗin da gishirin fotasiyam kabonet, irin wanda yake cikin ruwan toka, su shafa, sa'an nan su wanke gishirin ya narke ya bar manyan ramuka. A rahotonsu na 2017, farantin da aka gyara haka ya yi daidai da na kasuwa wajen ba da lantarki mai yawa. Bayan gwajin wahalarwa mai tsanani kuma, soson ya riƙe kashi 90 cikin ɗari na ƙarfin aikinsa, alhali filatinam na kan kabon kashi 40 kaɗai ya riƙe.

Sauran ayyuka

Batirin haidurojin ba shi da amfani sai da haidurojin, ita kuwa ba a haƙo ta a shirye kamar man fetur, yin ta ake yi. Duniya tana amfani da fiye da tan miliyan 90 a shekara, yawanci a matatun mai da masana'antun taki, kuma kusan dukanta daga iskar gas da kwal ake fitar da ita, abin da yake sakin kabon dayoksaid mai yawa. Takin yuriya da ake yi a Nijeriya ma daga iskar gas ake samun haidurojin ɗinsa. Hanya mai tsabta ita ce a juya aikin batir, a tura lantarkin hasken rana ko na iska cikin ruwa ya rabe gida biyu. Kilo 9 na ruwa yana ba da kilo 1 na haidurojin. Wani irin injin da yake wannan aiki yana bukatar filatinam a gefe ɗaya da iridiyam a ɗaya gefen, iridiyam kuwa abin da ake samu a duniya bai kai tan 10 a shekara ba. Don haka ana gwada soson iridiyam da gaurayensa, ana kuma gwada na nikel da sauran ƙarafa masu araha a cikin injinan da suke aiki da ruwan soda.

Har wa yau an nuna cewa soson faladiyam yana da kyau wajen fitar da lantarki daga itanol, sinadarin da ake samu daga rake da rogo da masara. Ana kuma gwada soson zinariya da azurfa da jan ƙarfe wajen mai da kabon dayoksaid ya zama sinadaran da masana'antu suke bukata. Wasu masana sun yi amfani da shi a na'urorin gwaji na auna sukari.

Abin da ya rage

Duk da wannan ci gaba, soson ƙarfe yana ɗakunan bincike ne tukuna, bai zama abin da ake sa wa motocin kasuwa ba. Dalilai huɗu ne. Na ɗaya, ana yinsa cikin ruwa mai yawa da ƙarfe kaɗan, saboda haka samun giram ɗaya yana cin lita masu yawa, masana'anta kuwa da kilo take lissafi. Na biyu, tukunyar busarwa mai jure matsi tana da tsada, aikinta kuma yana cin lokaci. Na uku, soson yana da saurin marmashewa, kuma dole a dama shi ya zama kamar tawada kafin a shafa a faranti, inda wani sashe na kyawun ramukansa yake ɓacewa. Na huɗu, rabuwa da kabon bai kawar da kowace lalacewa ba, domin nikel yakan zube a hankali cikin tsamin batir, filatinam ma yakan narke kaɗan-kaɗan in ƙarfin lantarki yana hawa yana sauka.

Kammalawa

A taƙaice, katalis dillali ne mai aiki da fuskarsa, filatinam shi ne gwaninsu amma ba shi da yawa, kabon da yake ɗauke da shi kuma yana ci. Soson ƙarfe yana ba da faɗin fuska da hanyar lantarki da hanyar iska a jiki guda, kuma gwaji ya tabbatar da juriyarsa. Abin da ya rage shi ne a iya yinsa da yawa cikin rahusa.

Mai karatu zai lura cewa tsakanin binciken Grove na 1839 da motar farko ta Mirai shekara 175 ne, tsakanin erojel na Kistler da na ƙarfe na Dresden kuma shekara 78. Sannu ba ta hana zuwa. Saboda haka duk wanda ya ji labarin wani sabon katalis a rediyo ko a jarida, yana da kyau ya yi tambaya uku kafin ya yanke hukunci: giram nawa na ƙarfe mai tsada yake ci, awa nawa ya yi yana aiki a cikin batir na gaske, kuma an iya yinsa da kilo ko kuwa da cokali? Amsar waɗannan ita za ta nuna ko abin ya kusa fitowa kasuwa.